Daga Zanen Fuska Zuwa Takardar Indijin



Wani yayi ya shigo mana a 'yan shekarun nan. Katin ɗaurin aure ne, ko kalandar taron zumunci, ko rigar anko, sai ka ga an buga wata garkuwa a sama, zaki a dama zaki a hagu, takubba biyu a gicciye, kambi a bisa, a ƙasa kuma sunan kakan gida da manyan baƙaƙe. Yara suka ce tambarin iyali ke nan, a waya suke haɗa shi kafin shayi ya huce. Maganar hoton mai rai mun bar ta sai wani zama. Abin da ya dame mu yau daban ne. Ka tsayar da yaron da ya haɗa tambarin nan, ka ce ya faɗi sunan kakan babansa da garin da aka binne shi, sai ya hau sosa ƙeya.

Shi wannan abu da ake kwaikwayo na Turai ne. Tun wajen ƙarni na 12 barade a Faransa da Ingila da Jamus suka fara zana alamu a jikin garkuwoyinsu. Dalilin da aka fi faɗa shi ne kwalkwalin ƙarfe ya rufe musu fuska, in an gwabza ba a gane na gida da abokin gaba sai da alama. Da tafiya ta yi tafiya sai ɗa ya riƙa gadon alamar ubansa, aka yi mata dokoki, har a 1484 Sarki Richard na Uku ya kafa wa masu kula da ita ofishi a Landan, wanda yake aiki har gobe. A ƙa'idar Ingila, tambari na mutum guda ne da zuriyar da ta gaje shi, ba na duk wanda suka yi tarayya da shi a suna ba. Saboda haka masu sayar wa Bature "tambarin sunan gidansu" a intanet, ko a can ma cinikin biri a sama suke yi da shi. Daga wannan al'ada aka samo tambarin Nijeriya da ke jikin fasfo: baƙar garkuwa, farin layi mai rassa biyu da ke nuna haɗuwar Kwara da Binuwai a Lakwaja, fararen dawaki biyu, da jar mikiya a sama.

To mu fa, kakanninmu ba su da irin wannan? Suna da shi mana, sai dai ba a garkuwa suka ajiye shi ba. Bature ya rufe fuska ya sa alama a garkuwa, Bahaushe kuwa a fuskar ya sa tasa.

Ranar suna, bayan an raɗa wa jariri suna an yanka rago, wanzami ne ke karɓar aiki. Ya yi aski, sannan ya yi wa yaro zanen gidansu, kuma na uba ake bi, ba na uwa ba. Wasu na ce masa aska, wasu tsaga, wasu zane, kowane iri kuma da sunansa: Gobirci, Kabanci, Zamfarci, Barbarci da sauransu. Duk wanda ya kai shekarunmu yana gane Bagobiri tun daga nesa, tsagogi sun taso daga gefen baki sun baje har kusa da kunne, shida a kunci guda, bakwai a ɗayan. Na Arawa biyu-biyu ne masu kauri. Na Barebari dogaye ne a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. A fadar Kano an san bayin sarki da uku-uku, kuma kada wani ya ji kalmar bawa ya raina, don a cikinsu ake naɗa Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, mutanen da hakimi ma sai ya bi ta hannunsu kafin ya ga sarki. Ban da waɗannan akwai na ado da na magani, irin su bille da kalangu da 'yar baka, waɗanda ba lallai su nuna asali ba. Mai karatun fuska ya san bambancinsu.

Karatu ne fa na gaske, kuma ba don ƙawa aka ƙirƙiro shi ba. A zamanin da hari ya yi yawa, ana ɗauke yara a gona ko a bakin rafi, zanen nan shi ne shaidar yaro. Ko ya shekara ashirin a wata ƙasa, ko ya manta harshen uwarsa, fataken garinsu na iya ganin sa a kasuwa su kai labari gida, dangi su haɗa kuɗin fansa. Har ƙetaren teku abin ya bi mutane. Hausawan da aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil, waɗanda suka shirya tawaye a 1807, da zanensu suka sauka daga jirgi. Masu bayi a ƙasashen Amurka kuwa, in bawa ya gudu, sukan bayyana kamannin tsagar fuskarsa a cikin sanarwar cigiya. Abin da uwa da uba suka yi don a dawo musu da ɗa, shi azzalumi ya riƙe don ya kamo shi.

Mu 'yan kasuwa akwai ɓangaren da ya fi shafar mu. Fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja, kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni ce da jakuna, kuma a ƙarni na 19 rukuni uku ne suka fi riƙe ta: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Babu ɗaya a cikinsu da tushensa yake cikin Hausa Bakwai. Agalawa da Tokarawa daga wajen Azbin kakanninsu suka gangaro, suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano. Kambarin Barebari daga Barno suka fito, suka yi ƙarfi a Gummi. Duk sun bar harsunansu sun kama Hausa, amma kowane rukuni ya riƙe asalinsa da zanensa, suna aure a tsakaninsu, suna ba juna bashi. Baƙo ya sauka a zango, maigidan da zai sauke shi ba ya neman takarda. Ya dubi fuska, ya tambayi gari da sunan uba, shi ke nan ya san ko zai saki kayansa bashi ko ba zai saki ba. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a Kano a 1955, daga Agalawa ya fito, kuma da goron Gwanja ya fara.

A nan sai a lura da wani abu, don matasa masu ɗokin asali sukan tsallake shi. Zane ba gwajin jini ba ne. Yaron da aka haifa a gidan ubangijin iyayensa, sau da yawa zanen gidan ake yi masa. Baƙo ya zauna, ya yi aure, jikokinsa su tashi da askar garin. Abin da zane yake faɗa shi ne inda aka karɓe ka, da waɗanda za su tsaya maka ran wuya. Ba ya rantsuwa a kan cewa jininka bai gauraya ba. Dubi unguwannin cikin birnin Kano: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna. Jikokinsu yau Kanawa ne na sosai, sunan unguwa kawai ya rage yana ba da labari. Wa ya sani, wata rana haka za a riƙa nuna layukanmu na nan.

Bayan fuska sai baki. Kowane babban gida yana da kirarinsa, kowane basarake da takensa wanda makaɗi zai buga a gane shi ne tafe tun ba a hango shi ba. Ga kuma wasan da ke tsakanin garuruwa da ƙabilu: Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, Babarbare da Bafulatani, Bagobiri da Bayarabe. Ka ji dattawa biyu a kasuwar Karmo ɗaya na ce wa ɗaya bawansa ne, ka ɗauka za a dambace, sai ka ga sun ɓarke da dariya har an yi ragin ciniki. Wanda bai san asalinsa ba bai san abokin wasansa ba, ranar da aka tsokane shi sai ya yi fushi na gaske. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci, har hukumar UNESCO ta sa wasan nasu cikin jerin al'adun duniya a 2014.

Su kuwa gidajen sarauta, tambarinsu na gaske ne, wanda ake bugawa a ji. Kalmar da yara ke amfani da ita yau ga hoton kati, a wurin kakanninmu gangar sarki ce, ba a kaɗa wa kowa sai shi. Misalin da ya fi kusa da mu yana nan daf da Dutsen Zuma. Lokacin da mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Musa suka ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka Zuba a cikin Koro. Bai huta ba, yana ta yaƙi har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa.

Mutanen nan sun rasa birni, sun rasa fada, sun rasa gonaki da kushewun iyaye. Me suka ɗauko? Littafin tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda fassararsa ta Turanci ta fito a 1952, ya lissafa kayan sarautar gidan, a ciki har da Alƙur'anin da aka taho da shi daga Zazzau, da takobin Zazzau, da tambura. Sun taho da sunayen sarautu da tsarin fada yadda suka bar shi, har ta kai masu binciken da suka so sanin yadda ake mulkin Zazzau kafin jihadi sai da suka dogara da abin da Abuja ta adana. Sama da duka, sun taho da suna: har yau mai sarautar Suleja Sarkin Zazzau ne. Kuma sun riƙe jerin sarakunansu ba tsallake: Abu Ja, Abu Kwaka Dogon Sarki, Ibrahim Iyalai Dodon Gwari, Muhammadu Gani, Musa Angulu, Sulaimanu Barau. Laƙabin na ukun nan ya isa ya tuna mana cewa zaman bai kasance mai daɗi ga masu ƙasa kullum ba, kuma mai neman tarihin gidansu dole ya karɓi zaƙinsa da ɗacinsa tare.

A zamanin Sulaimanu Barau ne gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni, ranar 3 ga Fabrairu 1976. Aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sule. Ke nan sunan da ke kan adireshinmu duka, wanda ake ambata a rediyoyin duniya safe da yamma, laƙabin wani ɗan sarkin Zazzau ne da gudun hijira ya kawo nan. Yaranmu nawa suka san haka? Irin wannan ya faru a wasu wurare: Katsinawan da suka koma Maraɗi sarkinsu Sarkin Katsina ne, na Tsibiri Sarkin Gobir, na Argungu Sarkin Kabi. Ana iya ƙwace wa mutum gari, sunan gari kuwa a ka yake ɗauke da shi.

Su kuma waɗanda suka yi nasara, alamarsu tuta ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da tutoci ga shugabannin jihadi, irin su Malam Musa na Zazzau, Yakubu na Bauchi, Buba Yero na Gwambe, Modibbo Adama na Adamawa da Ummarun Dallaje na Katsina. Gidan da ya iya cewa kakansa ne ya karɓo tuta, ya riƙe hujja babba ta neman sarauta. Kada a ɗauka tsohon zance ne. A Zariya gidajen sarauta huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Da Sarki Shehu Idris ya rasu a 2020 aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli, sarauta ta koma gidan Mallawa, zuriyar Malam Musa, bayan shekara ɗari cif da sauke Alu ɗan Sidi a 1920. Da gidan bai riƙe salsalarsa tsawon wannan lokaci ba, da wace hujja zai shiga takara? Turawa ma sun san darajar tuta. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru da suka ƙwace a Burmi a 1903, inda ya yi shahada, ba su mayar da ita Sakkwato ba sai 1960.

Dagin Arewa kuwa, wanda wasu ke liƙawa a kati su ce na gidansu ne, ba na gidan kowa ba ne. Tsohon ado ne na maɗinka da magina da dukawa, a wuyan riga da fuskar soro da jikin fata, gwamnatin Sardauna ta ɗauke shi ya zama alamar Jihar Arewa baki ɗaya.

Yanzu mu zo kan talaka irinmu, wanda kakansa bai karɓo tuta ba, bai gaji takobi ba. Me ya sa neman asali yake yi mana wuya? Bature yana bin sunan gida guda ɗaya ne wanda ba ya canzawa, ya bi shi cikin rajistar coci shekaru ɗaruruwa. Mu sunanmu tafiya yake yi. Musa ɗan Garba ya haifi Sani, sai a ce Sani Musa. Sani ya haifi Kabiru, sai a ce Kabiru Sani. A hawa na uku Garba ya faɗi, ba mai sake jin sa. Da boko ta zo tana neman suna biyu, da yawa sunan gari suka ɗauka: Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiran sa a makaranta. Wannan ya taimaka ta wani gefe, don ya ajiye gari, amma ya haɗa mutum dubu da ba su haɗa kaka ba a suna guda.

Sai kuma alkunya, wadda ita ce ta fi cinye sunaye. Mace ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin na ɗan fari. Yaron da ya ci sunan kakansa Abba ne ko Baffa har ya tsufa, yarinya Ummi ce ko Iya. Kyakkyawar tarbiyya ce, ba mu ce a bari ba. Amma a gidaje da yawa an wayi gari tsohuwa ta rasu jikokinta ba su taɓa jin sunanta na yanka ba, Hajiya Babba kawai suka sani. In an zo lissafin asali kuma sai a bi maza zalla, alhali rabin jinin mutum da rabin zumuncinsa ta ɗaki suka zo.

To ga mu a Idu. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, kuma yawancinmu aikin gini ne da kasuwa suka kawo mu, wasu kamfanonin da ke kewaye da mu, na baya-bayan nan kuma tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016 mai zuwa Rigasa. 'Ya'yan da muka haifa a nan fuskokinsu sumul suke. Malamai sun daɗe suna hani ga tsaga fuska. Likitoci sun nuna haɗarin aska guda a jikin jarirai da yawa, ga ciwon hanta ga ƙanjamau. Sannan Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda take aiki kai tsaye a nan Babban Birnin Tarayya, ta hana yi wa yaro tsaga a sashe na 24, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin wata guda, ko duka biyu. Mu ba ma kiran a dawo da zane, ko kusa. Abin da muke cewa shi ne mun rufe wani littafi, ba mu buɗe wani a madadinsa ba. Dattawan nan masu Gobirci da Barbarci da ke sahun gaba a masallaci, su ne shafukan ƙarshe.

Ita kuwa tambayar "kai ɗan ina ne" ba ta mutu ba, ƙarfi ma ta ƙara. Waɗanda suka ga rusau ɗin Idu da Karmo wajen 2005 zuwa 2006 ba sa bukatar a yi musu bayani. A lokacin an raba mutane gida biyu: 'yan asalin ƙasa, wato Gbagyi da sauran waɗanda aka tarar a yankin kamar Koro da Gade da Gwandara, su ne ake maganar sake wa matsuguni, sauran kuwa baƙi ne komai daɗewarsu. Ba mu da ja a kan haƙƙin masu ƙasa, mun same su a nan, sun kuma karɓe mu. Amma ranar nan mutane da yawa suka gane cewa asali ba hirar dare ba ce. Wasu takardun haihuwa da na makaranta a ƙarƙashin ƙasa suka kwana. Wanda ya riƙe zumunci da gida ya sami inda ya kai iyali kafin ya farfaɗo. Wanda ya yanke, Allah kaɗai ya san yadda ya yi.

Yau ma haka abin yake, sai dai a kan takarda. Yaro an haife shi a nan, ya yi firamare da sakandare a nan, bai san wani gari ba. Ya tashi neman aikin soja ko ɗan sanda ko wani aikin gwamnatin tarayya, sai a ce ya kawo takardar indijin daga ƙaramar hukumar ubansa. Ya hau mota ya tafi garin da bai taɓa kwana ba, a tura shi wurin mai unguwa ko dagaci ya shaide shi. Mai unguwa ya dube shi, fuska ba zane, harshe Hausar Abuja, ya ce, "Ɗan gidan wa?" In ya iya cewa gidan wane maƙeri, jikan wane, ƙanin wance da ke aure a unguwa kaza, an gama, har da tuwo. In kuwa ya tsaya yana nuna hoto a waya, sai dai ya dawo hannu rabbana.

A ɓangaren shari'a abin ya fi nauyi. Duk wanda ya taɓa zama rabon gado a unguwar nan ya san abin da muke nufi. Mutum ya shekara talatin muna salla tare, ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata, ya bar shago. Mata ta ɗauki tumuninta, 'ya'ya mata su ɗauki kaso biyu cikin uku, ragowar na dangin uba ne maza. Su wane ne? Suna ina? Matar ta san sunan gari kawai. Sai dukiya ta zauna shekara da shekaru ba mai ikon taɓawa, ko kuma a ci haƙƙin wani ba da sani ba. Haka waliccin aure, haka sanin wanda aka sha nono tare da shi. Malamanmu sun karantar da mu cewa ana neman sanin nasaba ne don sada zumunci da sauke haƙƙi, kuma sun yi kashedi mai tsanani a kan alfahari da ita, da kuma jingina kai ga wanda ba shi ya haife ka ba.

Wannan kashedi na biyu shi ya fi dacewa da zamaninmu. Da zarar mutum ya yi kuɗi sai asalinsa ya fara tsawo. Jiya jikan majemi ne, yau an gano kakansa Sharifi ne daga Fas, ko ɗan sarkin da aka hana gado ya yi fushi ya bar gari. Ba ka taɓa jin wanda ya bincika ya dawo ya ce kakansa mai kiwon jakunan madugu ne, alhali ayarin Gwanja ba madugai ne zalla ba. Ko garuruwa ma suna da wannan hali: Bayajida daga Bagadaza, wasu daga Misra, wasu daga Yaman, kowa dai gabas. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu gadonmu ne, muna ba yara shi, rijiyar ma tana nan Daura ana zuwa gani. Amma labarin kafuwar ƙasa daban, salsalar gida da za a raba gado a kanta daban. Wanzanci da ƙira da jima da rini da fawa asali ne cikakke, kuma ya fi sauƙin tabbatarwa, don har yau in ka je garin za a nuna maka gidan.

Mu da muka yi Islamiyya muna da ma'auni a hannu, ba sai mun aro ba. Tun muna yara aka sa mu haddace nasabar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, uba bayan uba har zuwa Adnanu. A nan malamai suka tsaya. Sun haɗu a kan cewa Adnanu daga zuriyar Annabi Isma'ila yake, amma sunayen da ke tsakani ba su inganta ba, sai suka ƙi yanke hukunci a kansu. In an yi wa mafificin halitta wannan taka-tsantsan, ina ga jikan mai goro?

Abin da ake bukata bai wuce littafi ɗan naira kaɗan da biro ba, sai kuɗin mota zuwa gida lokacin salla. A fara da tsofaffin mata, gwaggo da inna da kaka, don su ne suka san wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya sha nonon wa, wa ya tafi Gwanja ko Sudan bai dawo ba. Wadda alkunya ta hana ta ambaci suna, a sa wata ta faɗa a gabanta, ita ta gyaɗa kai. A rubuta sunan yanka tare da laƙabi, na maza da na mata. A rubuta gari da unguwa da sana'ar gida, da irin zanen da kaka yake da shi, tsaga nawa a wane kunci, da abokan wasan gidan. In akwai tsohon Alƙur'ani ko kundin kaka a duba bangonsa, malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa a nan. In baki biyu suka saɓa a rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai shi. A yi kwafi biyu, ɗaya a nan ɗaya a gida, saboda abin da muka gani a shekarun rusau. Inda tsohuwa ta ce daga nan ba ta sani ba, a nan biro zai tsaya, a sa kwanan wata da sunan wadda ta faɗa.